Malam Magaji da Sunan Ɗan Fari

Malam Magaji taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun ranar sunansa. Da yana da rai a gabansa nake faɗi, in ya iya ya rama. Yawanci ba ya iyawa.

A gungu ɗaya aka haife mu, cikin tsibiran da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse gulbi a Kainji. Gidanmu na masunta ne tun kakanni, amma Allah Ya yi Magaji ba ya gane kan filafilin tuƙi da gindinsa. In an sa shi a jirgi sai jirgin ya kama juyi wuri ɗaya, in ya jefa birgi, komar nan ta jifa, sai ya kamo ƙafarsa. Kawu ya duba ya ga wannan yaro in an bar shi da ruwa kifi ne zai ci shi, sai ya miƙa shi boko. Ya yi karatu, ya zama malami, daga baya aka ɗauke shi Sakkwato aikin yaƙi da jahilci. Can ne suka riƙa yawo ƙauyuka suna wasan kwaikwayo a kan rigakafi da tsabtar rijiya, can kuma ciwon wasan ya kama shi. Bai warke ba har ya koma ga Allah.

Da aka yanke mana Jihar Kabi, ma'aikatanmu suka kwaso kaya daga Sakkwato a manyan motoci, kowa yana neman kujera a Birnin Kabi. Shi kuwa Magaji sai ya roƙa a mayar da shi Yelwa koyarwa a firamare. Na ce masa, "Taubashi, mutane na hawa sama kai kana neman gangare?" Ya ce yana son jin warin kifi. Na ce to zo ka zauna kusa da ni, za ka ƙoshi.

Ashe da gaske yake. Akwai wani tsohon sito na albasa a bakin kwata, jikin rumfar da nake bandar kifi. Ya share shi, ya shafa wa bango ɗaya baƙin fenti ya zama allo, ya riƙa tara yara ranar Asabar da lokacin hutu, daga 'yan firamare har waɗanda suka fara gemu. Ba wasan kawai yake koya musu ba, rubuta shi yake koya musu. Sunan mai magana a hagu, abin da ya faɗa a dama. Ina juya tarwaɗa a kan waya ina jin sa ta bango.

"Kada wanda ya rubuta mini wai Gambo ya yi fushi. Ban gani ba. Ku rubuta abin da mai fushi ke faɗi, ni da kaina zan san ya yi fushi."

Dokarsa babba ita ce ba a ƙirƙiro magana daga ka. Sai ka je kasuwa ko kwata ko bakin rijiya ka kasa kunne, ka kawo magana yadda ta fito daga bakin mai ita. Ta biyu, a canja sunayen mutane, don kada a zo a fasa masa kai. Wannan doka ta farko ni ta fi cuta. Ban isa in yi ciniki ba sai na ga ɗan wani a tsugune bayan itacena da guntun fensir. Duk wasan da suka yi a shekarar farko akwai wata tsohuwa mai kifi mai baƙin baki a ciki. Sun sa mata suna Ladi, amma har kurma ya san ko wace ce.

Na ce masa, "Kai dai ɓarayin magana kake renowa."

Ya ce, "Dudu, maganarki in ba a sata ba ma kyauta kike rabawa."

Wannan karon ya rama.

Matarsa Uwani mutuniyar Shanga ce, doguwa, marar hayaniya, irin matan da in suna daka ma ba ka jin numfashinsu. Ɗansu na fari Bilyaminu. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Uwani kuwa ta riƙe wannan fiye da kowa. "Yaron nan" take ce masa, ko "wancan". In ta zuba masa abinci sai ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce wa ƙannensa mata, "Ku ce ya ɗauka." Magaji shi ne ya watsar da kunyar tun a Sakkwato. Yana ɗora yaron a wuya, yana kwaɗa masa kira tun daga bakin titi, "Bilyaminu! Bilya!" Tsofaffi suna kau da kai. Ni kuwa ina ce masa boko ta cinye masa ido.

Yaron ya tashi da kyau, kuma shi ya gado ruwan da ubansa ya kasa. Ya kusa shekara ashirin, yana bin jirgi mai inji yana kai albasa kasuwar Wara. Wata ranar kasuwa suna dawowa, ruwa ya ja baya, jirgin ya hau kan kututturen ɗaya daga cikin itatuwan da tafkin ya binne da ransu. Ya tsage. An ceto wasu. Bilyaminu ya iya ruwa, an ce ya fitar da mata biyu, ya koma karo na uku bai fito ba. Da Sarkawa masunta suka samo shi ba ya ɗaukuwa zuwa gida, nan bakin gaɓar aka yi masa sutura.

Magaji ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. A zaure, a gaban masu gaisuwa, yana kiran sunan yaron yana share majina da hannun riga. Liman ya yi ta ba shi haƙuri har ya gaji. A cikin gida kuwa Uwani tana zaune a kan tabarma, ta ja mayafi, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce "Da godiya." Ko ɗigon hawaye. Mu mata mun san abin da muke gani, babu wadda ta yi mamaki. Shi ne bai sani ba, ko kuma ya sani a ka, zuciyarsa ta ƙi karɓa.

Bayan an watse ya tare ta a tsakar gida. Ina nan ina kwashe kwanuka.

"Uwani, har yanzu? Ya mutu fa. Ko sau ɗaya ki faɗi sunansa in ji."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ruwan alwalarka na sanyi."

Daga ranar ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure. Ba zagi, ba duka, ba saki. Tana dafawa tana ajiyewa, yana ci wani lokaci, wani lokaci kaji su ci. Gaisuwar safe kawai ta rage tsakaninsu, ita ma kamar ta mutanen da suka haɗu a tasha. Na same shi na ce, "Kai wawan Allah, matar nan tana ƙonewa ta ciki. Dubi wuyanta, dubi yadda zane ke zagaya ta sau biyu." Ya ce mini dutse ma yana ramewa in ruwa na dukansa, wannan ba ya nufin yana jin zafi. Na ce wanga karatu naka bai amfane ka da komai ba.

Aka fi shekara a haka. Auren yana nan a tsaye kamar rumfar da gara ta cinye, kowa yana jiran iskar da za ta kwantar da ita.

A cikin yaransa akwai Murjanatu, ɗiyar wani mai gyaran inji, shekarunta kamar sha huɗu, idanu kamar na mujiya, ba ta magana sai an tambaye ta. Wata Asabar aka zo karatun abin da kowa ya rubuto. Nata wasan mutum ɗaya ne kacal a ciki, wata uwa da ta zo bakin ruwa wankin kwanuka da sassafe, ɗanta na fari ya nutse, tana yi masa magana. Yarinyar ta fara karantawa, ni kuma na bar kifi yana ƙonewa.

"Lukman. Lukman, ka tashi lafiya? Sanyi bai dame ka ba?"

Magaji ya buga allo. "Tsaya nan. Kin ce ɗan fari ne?"

"I, Malam."

"To kin karya doka. Wannan daga kanki kika ƙirƙiro. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko yana raye ko ya mutu. Ni na sani, kada ki gaya mini."

"Malam, ji na yi."

"Ci gaba mu ji ƙaryar."

Ta ci gaba. Uwar tana gaya wa ɗanta ta jiƙa masa ƙanzon shinkafa da ɗan manja da barkono yadda yake so, ta rasa wanda za ta ce ya ɗauka. Tana gaya masa rigarsa mai yagaggen aljihu ta ɗinke, tana ƙarƙashin tabarmarta. Tana ce masa ubanka ba ya cin abinci sosai, yana fushi da ni, ka yi masa uzuri, kai ka san halinsa.

Na leƙa ta tagar sito, na ga Magaji ya zauna a kan benci, allin yana hannunsa ya murƙushe shi ya zama gari.

"A ina kika ji?"

"Bayan tsohon jirgin nan da aka kife, ƙasan kwata. Kullum in gari ya fara wayewa tana zuwa. Na canja sunan, Malam, yadda ka ce."

Ya sallami yaran. Ya fito ya tsaya a rumfata, hayaƙi na shiga idonsa, ko kuwa ya samu abin fakewa ne.

Na ce, "To, dutse ya yi magana. Sai ka tafi gida."

Abin da ya kamata ya yi ke nan. Daga zaurensa zuwa ɗakinta ba nisan da zai gajiyar da gurgu. Ya ɗaga labule ya ce Uwani na zalunce ki, shi ke nan, ko ma kada ya ce komai, ya zauna ya ci tuwonta a gabanta. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana sa wa mutane magana a baki ya rasa ta bakinsa. Sai ya ce zai ba ta haƙuri ta hanyar da ya iya. Za a yi wasan ranar rufe makaranta, a filin firamare, gaban iyaye. Yana so gari duka ya san irin uwar da Uwani take, ita ma ta san shi ya sani.

Na ajiye wuƙar da nake feɗe kifi da ita, don kada in yi abin da za a kai ni gaban alƙali.

"Magaji, mi ka ce? Matar da ta ɓuya bayan jirgi don kada ko tsuntsu ya ji ta, ita za ka kai fili?"

"Girmama ta zan yi."

"Tsirara za ka yi mata."

Muka yi ta ja. A ƙarshe ya yi mini alkawari sunan zai zauna Lukman, za a cire ƙanzo da rigar, za a mayar da abin wani gari can. Wanda ya gane ya gane a ransa, ba wanda zai nuna ta da yatsa. Na ce ko hakan ban so ba, amma ya fi.

Ranar ta zo. Bayan la'asar fili ya cika, maza a gefe ɗaya kan benci, mata a kan tabarmi ƙarƙashin dalbejiya. Uwani ba mai zuwa taro ba ce, amma da safen nan ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce yana so ta zo, magana mafi tsawo da ya yi mata tun da ya koma zaure. Ta yi wanka, ta sa kwalli. Da ta zauna kusa da ni na ga wani ɗan haske a fuskarta wanda na daɗe ban gani ba.

Aka yi na ban dariya tukuna, tsohuwa Ladi mai kifi ta fito ta zagi kowa, aka yi ta kallona ana ƙyaƙyatawa. Sannan aka kife wani benci a tsakiyar fili a matsayin jirgi. Murjanatu ta fito da ƙwarya a ka. Zanen da ke jikinta na gane shi kafin ta ƙaraso, shuɗi mai ratsin fari, na Uwani ne, wanda take zuwa wanki da shi. Magaji ne ya ɗauko shi daga kan igiya.

Yarinyar ta durƙusa. Ta dubi inda Magaji yake tsaye, ya gyaɗa mata kai. Ta buɗe baki.

"Bilyaminu. Bilya, ka tashi lafiya?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya faru a tabarmin mata ba. Babu wadda ta juyo. Wannan rashin juyowar ya fi juyowa ciwo, don kowace ta ƙanƙame wuyanta da gangan. Ba abin da ya cire, ƙanzon yana nan, rigar tana nan, har da ubanka yana fushi da ni. Wasu mata suka fara sharɓar kuka. Can bayanmu wata yarinya marar wayo ta ce, "Inna, ba Inna Uwani ba ce?" aka toshe mata baki.

Uwani ba ta motsa ba har aka gama. Hannunta yana kan gwiwata, farcenta ya shige mini nama, sai da na kwana biyu ina ganin shaidar. Da maza suka fara tafi ta miƙe, ta gyara mayafi, ta bi ta bayan azuzuwa. Magaji yana can yana hawaye yana murmushi, yana leƙen inda take zaune.

Da ya koma gida ya tarar da tuwonsa a rufe a ƙofar zaure, da ruwan wanke hannu. Washegari ta shiga motar Shanga.

Ya zo mini a ruɗe. Ban yi masa ba'a ba, karo na farko a rayuwarmu, kuma ina jin wannan ya fi tsorata shi. Ya ce shi a ganinsa in an ɓoye sunan ba haƙuri ya bayar ba, wasa kawai ya yi. Ya aika 'yan'uwa biko, aka dawo da su da godiya. Ya aika liman, haka. Daga baya muka tafi tare, ni da shi. Yayanta ya karɓe shi a zaure da mutunci, ni na shiga ciki.

Na same ta tana sussukar shinkafa a bayan ɗaki. Muka gaisa. Na yi duk maganar da aka aiko ni da ita, na ƙara da tawa. Na ce wawa ne amma ba mugu ba ne, ke ma kin sani, don son ki ya yi.

Ta ce, "Na sani, Yaya Dudu. Ba fushi nake yi ba."

"To mi ne ne? Kunyar mutanen Yelwa? Su wa? Ni zan ji da bakinsu, kin san ni."

Ta daɗe tana juya shinkafar da hannu.

"Ban je inda aka sa shi ba. Ban ga fuskarsa ba. Abin da ya rage mini ke nan, in je can inda ba kowa in kira shi, ya zama ni da shi kaɗai. Tun yana jariri haka nake yi, in kowa ya fita." Ta share hannu a zane. "Nan ma akwai gulbi. Da na zo na je da safe, na buɗe baki. Muryar ɗiyar mutane na ji. Da tafi."



Na fito na gaya masa yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba, shi da ya fi kowa son a kawo magana yadda take. Ya saurara. Ya tambaya ko zai iya ganin ta ko daga nesa. Yayanta ya shiga ya fito ya ce ta ce a gaishe shi, a ce ya riƙa cin abinci.

Bai sake ta ba, ita ma ba ta nema ba. Duk kaka yana aika mata da abin da ya samu, tana aiko masa da shinkafa sussukakkiya da daddawa. Ya ci gaba da tara yara a sito, don ba shi da wani abin da ya iya. Murjanatu ba ta ƙara zuwa ba. Na sha tare ta in ce mata ba laifinta ba ne, abin da babba ya sa ta ta yi, tana cewa to, tana wucewa. Cikin sauran akwai waɗanda suka yi nisa, na ji an ce ɗaya yana rubuta wasanni a gidan rediyo. In sun zo gari suna tsayawa a rumfata su sayi kifi su ce Malam ne ya koya musu sauraro. Ina ce musu haka ne, ya koya muku.

Ya yi 'yan shekaru yana fama da ƙirji, yana rubutu a allo yana tari. Ya rasu da damina, a ɗakin zaure. Uwani ta yi masa takaba a Shanga, cikakkiya. Na je mata gaisuwa na same ta a kan tabarma ta ja mayafi. Na ce ya haƙuri, ta ce da godiya. Muka zauna, mata suna shiga suna fita.

Sai da ɗakin ya rage mu biyu ta matso, ba ta dube ni ba, ta ce, "Da ciwon ya yi tsanani, wa ke dama mishi kunu?"

Na ce ni.

Ta ce, "Ba ya son tsami da yawa."

Na ce na sani, ya gaya mini, amma ban taɓa dacewa ba.